Yadda Ake Tsinka Elfancin Dragon Age da Ƙera Suna da Shi Ba Tare da Kwaɓa Ba

Duk wanda ya taɓa buga wasan bidiyo na Dragon Age ya ji Elfawa na jefa wasu kalmomi a tsakiyar zance: da'len, ma serannas, dareth shiral. Kamfanin BioWare da ke Edmonton a Kanada ne ya ƙirƙiro harshen. Ya fara da Origins a 2009, ya yi ta ƙara masa a Dragon Age II na 2011 da Inquisition na 2014, har zuwa The Veilguard na 2024. A nan za mu kira mutanen Elfawa, harshensu kuma Elfanci, kamar yadda Bahaushe ke yi wa kowace ƙabila. Kada a ce musu aljanu. A duniyar wasan mutane ne masu jini da tsoka, sai dai kunnuwa masu tsini, ruhohi kuwa halitta ce daban.

Abin da za ka fara sawa a ranka shi ne Elfanci gyauro ne. Kamfanin bai fitar da littafin nahawunsa ba, kalmomin da aka fassara a wasannin kuma 'yan ɗaruruwa ne. A cikin labarin ma haka abin yake. Daular Tevinter ta rusa birninsu Arlathan, ta bautar da su shekaru aru-aru, harshen ya zube a hanya. Da suka sami 'yanci aka ba su ƙasar Dales, ita ma daga baya aka ƙwace ta da yaƙi. Abin da ya rage a bakin Dalishawa, dangogin da ke yawo a daji da amalankensu, gaisuwa ce da sunaye da 'yan jimloli. Don haka mai son rubuta labari a wannan duniya, ko raɗa wa ɗan wasansa suna, ko jagorantar wasan tebur na Dragon Age da Green Ronin ya buga, ya cire rai da fassara dogon zance. Aikin da ke gabansa shi ne tsinka kalma, gano saiwarta, a sake ɗinke ta. A sani kuma, za a tona wasu asiran labarin Inquisition a ƙasa.

Littafin tara kalmomi

Ka ja shafi mai gida huɗu: kalmar, ma'anarta, wanda ya faɗe ta da inda ya faɗa, sai matsayin tabbacinta. Gida na huɗun nan mutane ke tsallakewa, alhali shi ya fi amfani. Matsayi uku sun isa. Na ɗaya kalmar da wasan da kansa ya fassara, a rubutun ƙasan allo ko a Codex, kundin bayanan da ake tsinta a cikin wasa. Na biyu wadda aka ciro ma'anarta ta hanyar gwama kalmomi biyu ko uku. Na uku wadda masoya wasan suka ƙera da kansu. Akwai wani babban aiki irin wannan mai suna Project Elvhen da ya cike giɓi da yawa. Aiki ne mai kyau, amma ba na BioWare ba ne, kuma kalmominsa sun bazu a intanet har wasu na ɗaukarsu na asali. In ba ka ware su tun farko ba, nan da wata biyu ba ka iya tuna wacce ce wacce.

Ka kunna rubutun ƙasan allo, ka riƙa ɗaukar hoton allon duk sanda aka yi Elfanci. Inda aka fi samun albarka: farkon Origins idan ka zaɓi Badalishe, sansanin shugaban dangi Zathrian a dajin Brecilian, hirar Badalishiya Merrill da shugabar danginta Marethari a wasa na biyu, sai Solas, Ba'elfe mai sihiri da ke cikin abokan tafiyarka a Inquisition, da haikalin Mythal, ɗaya daga cikin allolin Elfawa, da Trespasser, ƙarin labarin Inquisition na 2015.

Saiwoyi talatin sun ishe ka farawa. Na mutane: len ɗa ko yaro, vhen jama'a, asha mace, falon aboki, hahren dattijo. Na abin da ido ke gani da wanda ba ya gani: adahl itace, durgen dutse, fen kyarkeci, assan kibiya, elgar ruhi, vir hanya, shiral tafiya. Na zuci: lath ƙauna, abelas baƙin ciki, solas alfahari, revas 'yanci, suledin juriya, nan ramuwa, enaste tagomashi, halam ƙarshe, din mutuwa, dirth sani ko faɗa. Sai ƙananan da ke manne wa wasu: da ƙarami, shem sauri, bel yawa, tan uku, tel korewa, var namu, ɗafa-ƙeyar -an mai nuna wuri, da -en mai nuna jam'i. Wasu za su zauna maka a kai ba wahala. Da na Elfanci yana aikin ɗan da 'yar na Hausa a ɗan yaro da 'yar kibiya, ko da yake dacewa ce kawai. Falon kuwa ba falon baƙi ba ne.

Tsinka kalma

Ka bi wannan tsari kada ka sauya shi. Fara yankewa a inda ɗan waƙafin sama yake, domin a Elfanci alamar ɗinki ce tsakanin kalmomi biyu. Sannan ka duba ƙarshe ko akwai -an ko -en. Abin da ya rage ka nemi saiwarsa a littafinka. A ƙarshe ka gwada sakamakon da fassarar da wasan ya bayar.

Ɗauki Vir'abelasan, sunan rijiyar nan da ke cikin haikalin Mythal. Yankan farko ya ba ka vir da abelasan. Cire -an, saura abelas. Ka sami hanya, baƙin ciki, wuri: wurin hanyar baƙin ciki. Ka lura babu rijiya ko kaɗan a cikin kalmar, duk da cewa a Turancin wasan rijiyar baƙin ciki ake kiranta. Nan masu gaggawa ke faɗawa rami, su rubuta a littafinsu wai vir rijiya ce. Sunan da 'yan Adam ke kiran wuri da shi sau da yawa laƙabi ne, ba fassarar kalma da kalma ba.

Wasu kalmomin babu waƙafi, ɗinkin ya ɓace. Halamshiral, babban birnin Dales a da, halam ne da shiral: ƙarshen tafiya, domin nan doguwar tafiyar 'yantattun bayi ta ƙare. Shiral ɗin nan shi ne a sallamar dareth shiral, shi ne kuma a din'anshiral da Solas ya ce yana kai a Trespasser, wato tafiyar mutuwa. Saiwar da ka gani a wuri uku da ma'ana ɗaya ta cancanci matsayi na biyu a littafinka ba fargaba. Shemlen, sunan da suke kiran 'yan Adam, shem ne da len, 'ya'yan gaggawa, saboda a ganin Elfawan da da ba sa tsufa, ɗan Adam yau aka haife shi gobe ya mutu. Durgen'len 'ya'yan dutse ne, wato wadannin da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa. Adahlen jam'in adahl ne, itatuwa, daji ke nan. Arlathan ya tsinku zuwa ar, lath, an, wasan kuma ya fassara shi da wurin ƙauna.

Ga inda wuƙar ke yanka mai ita. Ba kowace -an ce wuri ba. Assan, eluvian, lethallan, harellan duk sun ƙare da ita, babu wuri a cikinsu. Haka -en: hahren da durgen da fen ba jam'i ba ne, len ma tilo da jam'i duk len ne. Ƙa'idar ita ce kada ka cire ɗafa-ƙeya sai abin da zai rage yana cikin littafinka. Cire -an daga abelasan ya bar abelas, ka san shi. Cire ta daga assan bai bar komai ba, to ka mayar.

Wani lokaci kuma yanka biyu duk suna tafiya. Elvhenan, sunan tsohuwar daularsu, an fassara shi da wurin jama'armu: el namu, vhen jama'a, an wuri. Amma vhenan ita kaɗai zuciya ce, ita Solas ke kiran masoyiyarsa da ita. Mai yankawa el da vhenan zai sami zuciyarmu. A irin wannan hali ka rubuta fassarar wasan a matsayi na ɗaya, ta biyun ka ajiye a gefe. Ga marubuci ma riba ce, don yana iya sa dattijo ya yi wasa da ma'anonin biyu.

Wanne ke gaba

Wannan ne ya fi rikita Bahaushe. A Hausa abin da ake magana a kansa shi ke zuwa gaba: ƙarshen tafiya, abokin matattu, hanyar kibiya. Elfanci ma yana yin haka a Halamshiral, a Falon'Din abokin matattu, a Elgar'nan ruhin ramuwa, a Vir Assan hanyar kibiya, a Asha'bellanar mace mai shekaru da yawa, laƙabin da Dalishawa ke kiran tsohuwar mai sihirin nan Flemeth da shi. Sai ka saki jiki ka ce ai Hausa ce sak. Sai ka ci karo da vhenadahl, babban itacen da ke tsakiyar unguwar Elfawan birni, ka karanta shi mutanen itace, alhali itacen jama'a ne. Durgen'len ma, in ka bi tsarin Hausa, dutsen yara za ka samu.

Wasan bai faɗi doka ba, amma misalan sun nuna hanya. Len da adahl da -an suna son ƙarshe. Vir, falon, asha, fen, elgar da halam suna son farko. Da da shem kullum gaba suke zuwa. In za ka haɗa sabuwar kalma, ka nemo wadda wasan ya riga ya yi da saiwa ɗaya, ka kwaikwayi zubinta.

Ƙera suna

Saiwa biyu ita ce daidai, uku ita ce iyaka, ta ukun ma gara ta zama -an. Gaɓoɓi kada su wuce huɗu, don sunan da abokan wasa ba sa iya faɗa za su gutsure shi su ba shi wani. Waƙafi ɗaya ya isa. Suna mai waƙafi uku alama ce ta sabon shiga.

Ga misalai da muka haɗa, ba daga wasan suke ba. Kana son sunan wata mafakar bayin da suka gudu: hanyar 'yanci, a zubin Vir Assan, Vir Revas. Sunan wani kwari mai duwatsu: Durgen'an. Laƙabin yaro mai ƙiriniya: da'fen, ɗan kyarkeci, a zubin da'len. Kowanne ka mayar da shi ta matakan tsinkawa na sama. In bai dawo maka da ma'anar da ka nufa ba, mai karatu ma ba zai same ta ba.

Sunan mutum kuwa ya danganta da zamaninsa. Elfawan da su ke ɗaukar kalma sukutum ta zama suna, kamar Solas da Abelas mai gadin haikalin Mythal. Dalishawan yanzu sunayensu irin su Merrill, Tamlen, Velanna ne, na dangi kuma Sabrae ko Lavellan, ba a tsinka su a sami komai, kada ka matsa musu. Ba'elfen birni irin su Shianni da Soris na birnin Denerim ya fi nisa da saiwoyin. Dabba ko makami ko wuri sun fi karɓar suna mai ma'ana a fili. A The Veilguard ma Davrin ya kira ɗan girifin da yake reno, dabbar almara mai kan gaggafa da jikin zaki, Assan.

Fen a yi hattara da shi. Fen'Harel, kyarkecin ban tsoro, shi Dalishawa ke ɗora wa laifin ɓacewar allolinsu, da sunansa ake tsinuwa. Harellan kuma a bakinsu maci amanar dangi ne. Codex na Inquisition ya kawo cewa saiwar tana iya komawa ga harillen, adawa, har Fen'Harel ya zama ɗan tawaye maimakon mayaudari. Badalishe na gari bai san wannan ba, kuma ba zai raɗa wa 'yarsa suna da harel a ciki ba.

Wa ke ce wa wa me

Andaran atish'an gaisuwar girmamawa ce, ta maraba da baƙo, ma'anarta kusan shigo wurin nan da aminci. Aneth ara ta 'yan gida ce, tsakanin Badalishe da ɗan'uwansa. Sa ta a bakin mai gadin sansani yana yi wa sojan ɗan Adam daidai yake da yaro ya ce wa hakimi yaya dai. Ma serannas godiya, ir abelas ban haƙuri, ma nuvenin yadda ka so, dareth shiral sauka lafiya.

Da'len daga sama yake saukowa ƙasa: dattijo ga yaro, malami ga almajiri, ko da almajirin ya yi gemu. Hahren daga ƙasa yake hawa sama. Tsara da tsara lethallin ga namiji, lethallan ga mace, galibi ke nan. Vhenan da ar lath ma na masoya ne, ba a watsa su a kasuwa. Shemlen na iya zama suna kawai, amma in aka gutsure shi zuwa shem ya koma gori.

Yawan Elfancin da mutum ke yi ma shaida ce ta asalinsa. Shugaban dangi da magajinsa su ke riƙe da tsohon sani, su suka fi kowa. Maharbi na da gaisuwa da zagi da sunayen abubuwan gida: aravel amalanken, halla farar dabbar nan mai kama da barewa da ke jan sa, vallaslin rubutun jini, zanen fuskar da ake yi wa wanda ya balaga. Ba'elfen birni hahren, vhenadahl da shem ne kusan iyakarsa. Sera, Ba'elfiyar birni ta Inquisition, ma ba ta son jin harshen sam. Cikakkiyar jimla mai tsawo sai ruhohi da Elfawan da.

Jimla, in ta zama dole

Gajerun jimlolin da ke akwai suna bin mai aiki, aikatau, karɓau, kamar Hausa: ar lath ma, ni, ƙauna, ke. Ar lasa mala revas, da Solas ke faɗa sa'ad da ya share vallaslin daga fuskar masoyiyarsa, zubinsa ɗaya: na ba ki 'yancinki. Korewa tel ce a gaba: tel'abelas, ban yi nadama ba. Var na nuna namu, kamar a Var Bellanaris, maƙabartar da ke Exalted Plains, dawwamarmu.

Matsalar tana wurin ma. A ar lath ma ke ce ko kai. A ma vhenan tawa ce, zuciyata. A ma serannas godiyata, a ma nuvenin kuma ta koma kai. Mala ma haka: wani wuri naka, wani wuri yanzu, kamar a mala suledin nadas, yanzu dole ka jure. Dabarar da ke aiki ita ce duba abin da ke bin ta. Ma a gaban suna ka ɗauke ta nawa, a gaban aikatau ko bayansa ka ɗauke ta kai. Sabuwar jimla kuma kada ta wuce kalma huɗu, ka gina ta a kan wadda ke akwai ta hanyar sauya kalma ɗaya tak. Lokutan aikatau, jiya da gobe da sharaɗi, misalansu sun yi kaɗan ƙwarai, duk wanda ya rubuta sakin layi guda da Elfanci to rabinsa ƙirarsa ce.

Furuci

Vh sautin v ne kawai, h ɗin ba ya fita. Harshen Bahaushe zai ja ka zuwa b ko f, vhenan ta koma benan. Ka ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa ka saki murya, nauyin kuma a gaɓar ƙarshe. Th na lath da lethallan da Mythal tsinin harshe ne tsakanin haƙora, in ka mai da shi s ka ce las ka kusa shiga wata kalmar. Waƙafin sama ba hamzar jama'a ko sa'a ba ce, ba a datse numfashi, da'len a zare ɗaya ake faɗinsa. Wanda ya saba da tsohon rubutun waya, inda ake sa waƙafi kafin d ko b a madadin ɗ da ɓ, idonsa zai karanta Falon Ɗin da Asha Ɓellanar. D da b ne na yau da kullum. Daga wasa na biyu aka ba Dalishawa karin Turancin Wales da Ailan, kuma Eve Myles mai muryar Merrill da Gareth David-Lloyd mai muryar Solas duk 'yan Wales ne. Su biyun ka saurara ka maimaita.

Wajen bincike ka gwada rubutu fiye da ɗaya, da waƙafi da babu. Vir Tanadhal, hanyar itatuwa uku ta maharba, ana ganinta da dh ana kuma ganinta da hl kamar adahl.

Kayan aro

Ba duk abin da Ba'elfe ya faɗa ne Elfanci ba. Fenris na wasa na biyu a Tevinter ya yi bauta, zaginsa venhedis da fasta vass harshen can ne. Na Elfanci fenedhis ne, harafi kaɗan ya raba su. Kadan da Sten da Iron Bull ke faɗa na Qunari ne, wata al'umma daban a duniyar wasan, ba na Elfawa ba, ba kuma kaɗan ɗinmu ba. Daga wajen gida kuwa, va fail na The Witcher ne, ishnu-alah na World of Warcraft. Ko ɗaya ya shigo maka, masu wasan za su gane nan take.

A hira, kalma ɗaya ko jimla ɗaya ta Elfanci a kowane layi huɗu ko biyar ta wadatar, a sa ta inda mai karatu zai gane ta ko ba fassara. Ga gwaji, maharbi ya dawo sansani ya tarar da dattijuwa:

"Aneth ara, da'len. Yau da wuri haka?"

"Hahren, shemlen uku na gani a bakin rafi, suna bin sawun halla."

"Je ka faɗa wa shugaba. Kada ka taɓa baka sai ta ce."

"Ma nuvenin."

Guda shida ne gaba ɗaya, an yawaita su ne don misali kawai, kowanne yana matsayi na ɗaya a littafi. In ka mai da maharbin Ba'elfen birni, aneth ara da ma nuvenin da halla za su fita, hahren ya zauna, shemlen ya koma shem. In kuma baƙo ne daga wani dangi ya zo Arlathvhen, taron da dangogi ke yi duk shekara goma, layin farko ne kaɗai zai sauya: andaran atish'an, da'len ɗin kuma ya jira sai ta san ɗan wane ne.